Baffa Ya Tafi, An Bar Inna Da Laifin Miya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baffa ya riga mu tafiya a daminar da ta wuce. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa. Na fara da addu'a ne tun bakina yana da sanyi, domin in na shiga maganar da ke cina a rai, ban yi alkawarin zan ci gaba da faɗin mai daɗi ba.

Ko maƙabarta ba mu bari ba aka fara. Ana cikin mayar da ƙasa, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauko makara ya karkata wajen na kusa da shi ya ce, "Kai, ka ji abin da na ji kuwa? Wallahi kamar ba mutum a ciki." Wancan ya taɓe baki ya ce, "To me ya ci da zai yi nauyi?" Ina tsaye a bayansu, ba su lura da ni ba. Kafin mu dawo ƙofar gida mu shimfiɗa tabarmin zaman makoki, maganar ta riga mu shiga cikin gida, har ta sake kama. Abin da mata ke raɗa wa juna a tsakar gida shi ne wai yunwa ce ta kashe Baffa, kuma matarsa ce ta hana shi ci.

Tsofaffin abokansa na karar shanu suka zo daga Ɗanbatta, suka yi addu'a, suka shafa, sannan suka shiga tuna jikinsa na da suna girgiza kai. Da la'asar Goggo, ƙanwar Baffa, ta iso daga Bici. Ta shiga ɗakin matarsa don ta yi mata gaisuwa, sai idonta ya faɗa kan jarkokin man gyaɗa a jere a bayan ƙofa. Gaisuwar ke nan da ba a yi ba. Ta fito tsakar gida ta ɗaga murya yadda har mu da ke waje muka ji. "Jama'a ku zo ku gani! Mai jarka-jarka a ɗaki, yayana ya mutu fata da ƙashi!"

Baffa yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni da mahaifina ya rasu, shi ya yi mini aure, kuma har yau katanga ɗaya ce tsakanin sashena da nasa. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ya aure ta ne bayan uwar 'ya'yansa ta rasu, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, rabin unguwar nan a wajenta ake sayen mai. Ba ta da ɗa a gidan da zai tsaya mata, abin da take da shi kawai ɗakinta da mutuncinta. Tun ranar farko na fahimci Goggo da babban ɗan Baffa, wanda ke zaune a Kano, sun ƙudura sai sun raba ta da duka biyun. Shi ya sa nake wannan rubutu, don ni na ga abin da ya faru, ba labari aka ba ni ba.

Wanda bai san Baffa na da ba, ba zai gane komai ba. Dillalin shanu ne, ƙato, wuya ninki-ninki, in zai yi dariya tumbinsa ne ke farawa. Mahauta sun san shi, ba ya sayen tsoka, sai tozo da kitse. In aka kawo tuwo bai ga man shanu ya kwanta a kan miya ba, sai ya ture akushin ya ce a mayar, ba a gama girki ba. A hankali ƙafafunsa suka fara kumbura. Daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango yana haki. Ya koma sallah a zaune. Rannan ana tsakiyar ciniki a kara ya yanke jiki ya faɗi a tsakanin shanu, da ƙyar aka janye shi ba su tattake shi ba.

Ni na yi jinyarsa a asibiti a Kano. Likita ya ce jininsa ya hau, zuciyarsa ta gaji, kitse ya matse hanyoyin jini. Ya ce ya rage mai, ya rage nama, ya rage gishiri. Ragewa likita ya ce, ina wurin, da kunnena na ji. Amma Baffa bai taɓa sanin ragewa ba a rayuwarsa, duk abin da ya kama sai ya kai shi ƙarshe. Ga kuma wani mutum a gadon da ke kusa da nasa, mai bakin tsiya, ya yi ta cika masa kunne cewa akwai mutanen da suka bar duk abin da ya fito daga jikin dabba, suka bar mai ko ɗigo, zukatansu suka dawo garau. Ranar da aka sallame mu, a cikin mota, Baffa ya ce mini, "Abin da ya kayar da ni a gaban shanu, ni da shi har abada."

Na ɗauka zafin ciwo ne. Ina! Nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, manja, man gyaɗa, duk ya sallame su rana ɗaya. Har gyaɗar da yake nomawa a gonarsa, ya ɓare ta da hannunsa ya zuba a buhu, ƙwaya ɗaya ba za ta shiga bakinsa ba. Ranar layya ya yanka ragonsa, ya tsaya aka raba, ya koma ya ci tuwonsa da miyar kuka. Liman ya yi masa magana cewa ana so mai layya ya ɗanɗana ko tsoka ɗaya ce. Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, Wanda na yanka dominSa Ya san dalilina."

Da a ɗakinsa yake cin abinci, da ba wanda ya sani. Amma a unguwarmu magidanta ciyayya suke yi. Bayan magariba kowane gida ya fito da akushinsa ƙofar masallaci, a jera, a ci na wannan a koma na wancan. Ba a faɗa da baki, amma kowa ya san akushi shaidar matar gida ne. Ranar da aka fara buɗe na Baffa bayan ya dawo, aka ga miya ba ƙyalli, ba ƙamshin suya. Wani ya ce, "Malam, an manta da mai ne?" Baffa ya ce, "Ba a manta ba, korarsa na yi. Ni na hana." Ya faɗa ran nan, ya faɗa washegari, ya yi ta faɗa shekara da shekaru, babu magidancin da zai rantse bai ji ba. Amma in sun koma gida, abin da suke gaya wa matansu shi ne miyar gidan Malam ba mai. Wancan rabin maganar a ƙofar masallaci suke barinsa.

Su kuma matan, in sun aiko ko sun zo sayen mai, sai su ce wa Inna cikin dariya, "Ki riƙa tsiyaya wa mijinki ko na cokali ɗaya ne mana, riba ba za ta ƙare ba." Ta yi murmushi ta ce, "Shi ya ce." Ba ta ƙarawa. Wallahi ni da nake jin su ta katanga raina ya fi nata ɓaci.

Kuma wa ya gaya musu girki ba mai sauƙi ne? Ku tambayi duk macen da ta taɓa gwadawa. Mai ne ke rufa wa mai girki asiri. Inna ta wuni hannunta cikin tunkuza tana matsa, ta soya ƙuli, sannan ta wanke hannu da toka ta sake wankewa da sabulu kafin ta taɓa tukunyarsa. Tukunyarsa daban, ludayinsa daban, don ya ce yana jin maiƙo ko a jikin cokali ne. Ta koyi gasa daddawa kafin ta daka, ta koyi narkar da kabewa a miya don ta yi kauri, ta san yadda za ta dafa wake da zogale ya shiga baki ba tare da an nemi komai ba. Rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa ɗanya da busasshiya, dambun gero da ganye, ba ta maimaita masa miya biyu a jere. Macen da ake cewa ta hana miji abinci ke nan.

Gaskiya kuma sai an faɗe ta, abin ya yi masa aiki. Kafin damina ta zagayo kumburin ya saɓe. Ya koma tsayuwa a sahu. Ya bar kara, ya ɗauki fartanya, mutumin da a da sai dai ya tsaya a bakin gona da lema yana nuna wa 'yan ƙwadago. Gonarsa ta bayan gari da ƙafa yake zuwa, ya dawo bai zauna a hanya ba. A asibitin sha-ka-tafi na garinmu suka yi ta rage masa ƙwayoyin hawan jini. Abokan cin tozonsa kuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ɓarin jikinsa ya shanye, wancan ya kwanta bai tashi ba. Baffa ya je ya yi musu gaisuwa da ƙafarsa. In aka tsokane shi sai ya ce, "Ganye nake ci kamar akuya, na yarda. Amma wa ya taɓa kai akuya awon jini?" Shekara goma sha wani abu ya yi a haka. Duk mai cewa abincin nan bai ƙara masa komai ba, ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi.

Sai shekarun tsadar nan suka shigo. Taki ya gagari manomi, kuɗin mota ya ninka, kwanon masara ya koma abin da ake tambaya a wuce. Mutane suka sayar da awakinsu. Masu sayen mai da kwalba suka koma sayen na leda, daga baya ledar ma ta gagara. A ƙofar masallaci akusai suka fara raguwa, wanda ya fito kuma bai cika ba.

Akwai maƙwabcinmu na gabas, mai gyaran keke, mutum mai tsananin kunya. Wata rana ya fito da akushinsa ya ajiye a bayansa ya ƙi buɗewa, ana ta ci yana cewa ya ƙoshi. Baffa ya miƙa hannu ya jawo akushin ya buɗe. Tuwo ne da ruwan kuka, ba mai, ko daddawa babu. Baffa ya yanko loma ya kai baki, ya ɗaga murya ya ce, "Alhamdu lillahi! Yau dai na yi ɗalibi. Ku ga mai hankali, ya gane abin da nake gaya muku." Aka fashe da dariya, mutumin ma ya yi dariya yana share ido. Baffa ya san ba ra'ayi ba ne, babu ce. Daga ranar duk wanda miyarsa ta fito ba mai sai ya ce, "Ai mun shiga ɗariƙar Malam," a yi dariya a ci. Da wannan ya rufa wa unguwa guda asiri.

Ya kuma ce wa Inna ta ƙara hannu. Akushi ɗaya ya koma biyu, ɗaya tuwo ɗaya wake da ganye, kullum a cike. Ribar manta ce take tafiya wajen sayen waken, ba ta taɓa faɗa ba, ni na gani. Mutanen da suka yi shekaru suna yi wa miyarta dariya, su ne yanzu ke fara kai hannu can, wani ma in ba don akushin nan ba da ruwa zai kwana. Na san su ɗaya-ɗaya, kuma duk suna zaune a kan tabarma ranar da Goggo ta ɗaga murya.

Yanzu bari in juyo kan Baffa da kansa, don shi ma ina da fushinsa, Allah Ya gafarta masa. Da tsufa ya kama shi sosai, abin ya juya. Ramar ta wuce ta lafiya. Fatarsa ta yi furu-furu tana tsagewa, ana zafi yana neman bargo. Harshensa ya yi ja, yaji kaɗan ya hana shi ci. Tafin ƙafarsa ya daina ji, ya dawo daga gona da takalmi ɗaya bai san inda ɗayan ya zame ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da ya tsaya a tsakiyar surar da ya haddace tun yana yaro, ya rasa abin da ke gaba.

Na kai shi sha-ka-tafi da ƙyar. Malamin asibitin ya ja fatar idonsa ya duba, ya ce jini ya yi ƙasa ƙwarai. Ya ce akwai abin da jiki ke bukata wanda ganye da hatsi ba sa bayarwa, sai nono ko ƙwai ko hanta, in kuma ba za a ci ba to a sha ƙwaya ko a yi allura. Ya ce jikin tsoho yana son ɗan maiƙo. Ya ce, "Baba, ba cewa na yi ka koma tozo ba. Ƙwai ɗaya, nono rabin kofi." Baffa ya saurare shi har ya gama, ya yi godiya, muka fito. A hanya ya ce mini, "Daga ƙwai ɗaya ake farawa. So kuke ku mayar da ni gaban shanu." Ƙwayoyin ya sha na 'yan kwanaki ya watsar, wai wani ya ce masa da man kifi ake haɗa su. Na yi masa magana a hankali, na yi da zafi, har na ce masa wannan ba kiyaye lafiya ba ne, taurin kai ne. Ya dube ni ya ce, "Kai ba ka taɓa kwanciya a ƙasa kana ganin kofato a saman kanka ba." A ranar na gane tsoro ne ke riƙe da shi, amma ganewar ba ta rage mini haushi ba.

Inna ba ta yi gardama da shi ba. Abin da ta yi shi ne ta sayo busasshen kifi ta daka shi ya zama gari, ta riƙa barbaɗawa a miyarsa, ta ɗiga mai kaɗan, ta rufe da daddawa. Ta yi makonni tana yi, har ina ganin kamar fuskarsa ta ɗan ciko. Kun san wa ya tona? Ba Baffa ba ne ya gane. A wajen ciyayya ne wani ya lashe yatsa ya ce, "Kai, kwanan nan miyar Malam ta yi daɗi, kamar ina jin kifi-kifi." Baffa ya tsame hannunsa daga akushi, ya tashi ya shiga gida.

Tunda nake ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba sai ran nan. Ta katanga na ji yana cewa, "Kin ci amanata! Ke kaɗai na yarda da hannunki a duniya!" Tana kuka tana cewa, "Malam, ƙarewa kake yi ina kallo." Washegari ya ƙi karɓar ƙoƙonta. Ya kafa murhu a zaure, tsoho mai furfura, yana dafa rogo da kansa, duk mai wucewa yana gani. Akushi bai fita ba. Kwana da kwanaki a haka, rogo da ruwa, har ya fara tangaɗi. Sai da ta je ta durƙusa a gabansa ta rantse da Allah ba za ta ƙara ba, sannan ya karɓi abincinta. Na same ta a madafa na ce, "Inna, ki ci gaba mana, a rage yadda ba za a ji ba." Ta ce, "Na rantse, ɗan nan. Kuma gara ya ci maras mai daga hannuna da ya ƙi ci gaba ɗaya."

Ba a yi shekara ba bayan wannan zazzaɓin damina ya kama shi. Zazzaɓin da muke yi mu tashi, shi bai sami jikin da zai yi kokawa da shi ba. Ba likitan da ya ce mana abincin ne ya kashe shi, ni ma ba zan ce ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne a hannun Inna ya cika, tana ba shi kunu da cokali.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse da addu'a, babban ɗansa ya ce dangi da dattawan unguwa su tsaya a zaure. Wannan ɗan nasa sai sallah yake leƙowa, ya ajiye burodi da lemo ya juya kafin la'asar, bai taɓa tambayar me ubansa ke ci ba. Ya gyara babbar rigarsa ya ce ba ya son tashin hankali, amma abin da kowa ke faɗa ya yi yawa, kuma ba zai iya ganin matar nan a ɗakin ubansa ba. In ta fita takaba a ba ta rabonta ta koma gidansu. Goggo tana bakin ƙofar ciki tana ƙara masa wuta.

Na ce ban yarda ba. Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi ba a gaban manya, na faɗi komai. Na faɗi abin da likita ya ce da abin da Baffa ya mayar da shi, na faɗi maganar malamin asibiti, da garin kifi, da murhun zaure. Na juya wajen 'yan ciyayya na ce, "Ga su nan, a gabansu ya riƙa cewa shi ya hana. Ku faɗa mana!"

Wallahi tallahi ba wanda ya ɗaga kai. Wannan yana jan carbi, wancan yana tsintar zaren tabarma. Maƙwabcinmu na gabas ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi babbar rigar nan, ya mayar ya rufe. Liman ya ce a yi haƙuri, maganar cikin gida ce. Maganar cikin gida! Shekara nawa suna cin ta a waje?

Goggo kuwa ta tafa hannu ta ce, "Au! Ashe ma ta san yana bukata ta daina? To ai ka ƙarasa mana shaida." Ka ji fa. Da Inna ta sa kifin an ce ta ci amana, da ta bari an ce ta yi kisa. Sai wani daga can baya, ban ga ko wane ne ba, ya ce a hankali, "In haka ne, ashe shi ya kashe kansa ke nan."

Nan ne muka ji muryar Inna daga bayan asabari. Ba ta ɗaga ta ba, amma kowa ya ji. Ta ce, "Ya isa haka." Ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, zauna." Sannan ta ce, "Duk abin da ya ci ni na dafa. In da laifi a wuyana yake. Amma kada wanda ya ƙara cewa Malam ya kashe kansa, yana kwance ba zai iya amsawa ba. In na fita takaba zan tafi." Ta saki asabarin ta koma ɗaki. Na zauna, na san ta ƙwace maganar daga bakina ta miƙa musu abin da suke so.

Na roƙe ta ta dawo sashena, matata ma ta roƙe ta, muka gyara mata ɗaki. Ta ce ba za ta iya zama tana kallon ƙofarta da kwaɗon wani ba. Ta gama takabarta, ba ta ƙara soya ƙuli ba a gidan. Baffa, Allah Ya yafe maka. Ka riƙe maraya, ka ciyar da unguwa a lokacin da kowa ke ɓoye kwanonsa, ka rufa wa mutane asiri ba su roƙe ka ba. Allah Ya sa waɗannan su tsaya maka. Amma ka tafi ka bar baiwar Allah da kayan da ba nata ba, kuma wannan ban iya haɗiye shi ba har yanzu.

Ranar tafiyarta da safe ƙanenta ya zo daga wani ƙauye a wajen Bagwai da akori-kura. Muka ɗora turmi da kaskon suya da gadonta. Matan unguwa suka cika tsakar gida suna cewa a yafe juna, har da masu kuka, su ɗin dai. Da aka gama lodi ta aiko a kira ni. Na same ta a tsaye a tsakiyar ɗakin, ba komai a ciki sai shacin gado a ƙasa. Ta sa na tura ƙofa.

Ta ce, "Tambayarka zan yi, kuma kada ka lallashe ni. Kai ka kai shi asibiti, kai ka ji abin da aka ce." Ta murza bakin mayafinta. "Da na karya rantsuwar nan na ci gaba da sa masa a ɓoye, da yanzu yana nan?"

Ban taɓa zaton maganarsu ta shige ta ba. Duk watannin nan na ɗauka don shi kawai ta ɗauki laifin. Na ce, "Haba Inna, kwanansa ne ya ƙare."

Ta ce, "Wannan na sani. Ba shi na tambaye ka ba."

Ta tsaya tana kallona tana jira. Direba ya danna oda a waje, ya sake dannawa. Ta gyaɗa kai, ta ja mayafinta ta fita.